Kafin A Sabunta Rauta, A Tabbata Hanya Ta Buɗe

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta daina jarrabawa da takarda ta koma kwamfuta ɗungurungum, wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu ya zama ginshiƙin sana'a a garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Wannan akwati kuwa shi ne rauta, watau na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa kwamfutoci. Cibiyoyin da ake yi wa ɗalibai rajista, da shagunan da ake buga takardu, da ofisoshin Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda aka kafa a 2011, duk da irinta suka dogara.

Abin da galibin masu rauta ba su sani ba shi ne a cikinta akwai wata manhaja da kamfani ya ɗora mata, wadda lokaci-lokaci ake fitar da sabuwarta don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Ba ƙaramar magana ba ce. A watan Nuwamba na 2016 wata muguwar manhaja ta katse wa kimanin masu rauta 900,000 intanet a ƙasar Jamus, kuma a 2018 aka gano wata mai suna VPNFilter ta shiga na'urori wajen 500,000 a ƙasashe 54. Saboda haka sabuntawa wajibi ce. Amma fa a nan gizo ke saƙa, domin sau da yawa mutum zai sauke sabuwar manhajar, sa'an nan kwamfutarsa ta ƙi ganin rautar sam.

Gyara yakan fara ne daga waya. Lalle ne a haɗa kwamfuta da rauta da kebul, a kashe Wi-Fi, domin haɗin iska yana iya yankewa ana tsakiyar aiki. Akwai kuma kuskuren da har ƙwararru kan faɗa cikinsa idan suna gaggawa: sa kebul a ramin da intanet ke shigowa, maimakon ɗaya daga ramukan da aka tanada don kwamfutoci. Idan fitilar ramin ba ta kama ba, to, a canza kebul tukuna kafin a zargi na'ura.

Bayan waya sai adireshi. Kowace rauta tana da nata, akasari 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma an rubuta shi a takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Ita ce ke ba kwamfuta lamba daga cikin danginta. In mai karatu ya duba ya ga lambar kwamfutarsa ta fara da 169.254, ma'anarsa ta nemi lamba ba a ba ta ba, ta ƙago wa kanta, kuma su biyun sun zama kamar maƙwabta da ba su jin harshen juna. Maganinsa shi ne a rubuta wa kwamfutar lamba da hannu, misali 192.168.1.10 in rautar tana kan 192.168.1.1, sa'an nan a aika mata umarnin ping. In ta amsa, hanya ta buɗe. In ta yi shiru, a tsayar da manhajar tsaro ta kwamfutar na ɗan lokaci a sake gwadawa. Danna maɓallin mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani shi ne mataki na ƙarshe, don yana share duk saitin da ke cikinta.

Sauran abu guda, wanda ya fi damun mutanen Lafiya, shi ne wutar lantarki. Gaskiya ne an buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba a 2022, amma mai hankali ba ya ɗora aikin minti biyar a kan fatan ba za a ɗauke ba. Idan wuta ta yanke alhali rauta ta share tsohuwar manhaja ba ta gama rubuta sabuwa ba, sai ta kasa tashi, ta zama ba ta da maraba da tubali. Don haka a jona ta da batirin ajiye wuta, kada a dogara da janareta mai tangarɗa, kuma a tabbata manhajar ta dace da samfurin da zubin da ke rubuce a jikinta.

Ko da hakan ta faru, ba a gaggauta jefar da ita. Wasu rautoci, irin na Netgear da TP-Link, suna da ƙofar ceto da ke buɗewa na 'yan daƙiƙoƙi a lokacin kunnawa, inda ake tura musu manhajar ta hanyar da ake kira TFTP. Ita ma wannan ƙofa sai da kebul, da lambar da aka rubuta da hannu, take karɓar baƙo.