An samu gurbin karatu, ina kuɗin rajista?

Duk shekara a Boɗinga da Shagari muna ganin ɗaliban da suka ci JAMB, suka samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, amma rashin kuɗin rajista ya zaunar da su a gida.

Babbar hanya yanzu ita ce NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya da ya fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayun 2024. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Asusun kan biya makaranta kai tsaye, sannan ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata don abinci da kuɗin mota. Amma fa bashi ne. Shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kuma makarantun gwamnati kaɗai ya shafa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne takardu. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN. Idan sunanka Abubakar a nan, Garba a can, aiki ya tsaya. Ku gyara tun kuna SS2, ku kuma karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma, don sai da ita ake neman tallafin karatu na jihar Sakkwato, wanda ba a biyansa.

Lamunin ba ya fitowa sai makaranta ta shigar da sunanka, saboda haka kuɗin farko daga gida zai fito. Mu dai shawararmu, a fara kiwon rago bayan Babbar Sallah, ko a roƙi Inna ta daidaita kwasar adashinta da lokacin rajista.