Juma'ar da Za Ta Yi Kyau: Yadda Ake Gane Aikin Na'ura Mai Shirin Lalacewa

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, wadda za ta ɓaci ma haka take. A zamanin En'e littafi da alƙalami su ne kayan aikin akawu, amma yanzu albashi da jarrabawa da ƙuri'a duk sun koma cikin kwamfuta. Saboda haka ya kamata akawuna da malaman makaranta su san alamun aikin na'ura da ya kama hanyar lalacewa, gama su ne ke zaune gabanta ran da ta ƙi.

Mu fara da abin da mutanen Utai ta ƙasar Wudil suka shaida tare da sauran jama'ar Nijeriya. Ran 25 ga Fabrairu 2023 aka yi zaɓe. An kai na'urar BVAS rumfunan ƙuri'a, bisa alkawarin cewa da an gama ƙidaya za a ɗauki hoton takardar sakamako a aika shafin hukumar zaɓe, kowa ya gani. Na 'yan majalisa ya shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi, sai ƙarfe 8:55 na dare na farko ya hau. Daga baya hukumar ta bayyana dalili. An shirya na'urar ta riƙa ajiye ko wane sakamako ƙarƙashin jiharsa, alhali kuwa zaɓen shugaban ƙasa na ƙasa ne baki ɗaya, ba na wata jiha ba, sai ta rasa inda za ta sa shi. Tun 2020 ake aiki da shafin nan a zaɓuɓɓukan gwamnoni da na cike gurbi, amma bai taɓa ɗaukar na shugaban ƙasa ba. Wannan ita ce alama ta farko, watau a gwada abu a kan wani aiki, sa'an nan a ɗora masa wani dabam ran da ba halin kuskure. Jakin da aka gwada da ƙaiƙayi, ba a san ƙarfinsa ba sai ya ɗauki gishiri.

Alama ta biyu ita ce rana ta matso, kaya ba su iso ba, amma ba wanda ya yarda a ɗaga ranar. Cikin Oktoba 2006 aka soma rajistar masu zaɓe da na'ura, lokacin da kaɗan ne daga cikin na'urorin suka iso. Aka yi ta fama, aka ƙare da littafin da mutane ba su amince da shi ba. Da Farfesa Attahiru Jega ya karɓi hukumar a 2010, sai aka sayo na'urori 132,000, aka sake rajistar tun daga tushe cikin Janairu 2011. Gaggawar farko ba ta rage kome ba, sai ma ta jawo biya biyu.

Alama ta uku ta fi sauran muni, ga ta kuma a ƙofar akawu. Ita ce ƙaramin ma'aikaci ya ce lissafin na'ura bai yi daidai ba, manya su ce ai na'ura ba ta kuskure. A Ingila gidan waya ya kafa wata na'urar lissafi mai suna Horizon a 1999. Masu riƙe da ƙananan gidajen waya suka yi ta kuka cewa tana nuna giɓin kuɗin da ba su taɓa ba. Ba a saurare su ba. Tsakanin 1999 da 2015 aka hukunta fiye da mutum 900, waɗansu har kurkuku, waɗansu suka sayar da gidajensu don su biya. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa na'urar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Labudda waɗanda suka fara ganin ciwon su ne aka fara ɗaurewa.

To, me ya rage ga malami ko akawu a Utai in aka kawo sabon shiri ofishinsa? Ya yi tambaya uku cikin ladabi. Shin an gwada shi a irin wurinmu, da irin wutarmu da layin wayarmu? Shin an koya wa waɗanda za su riƙe shi, ko kuwa sai ranar aiki? In ya tsaya, da me za a ci gaba? Har wa yau kada ya yar da tsohon littafi sai lissafin littafi da na na'ura sun yi daidai wata da watanni. Kome ya ga ya saɓa, ya rubuta da kwanan wata, ya miƙa wa na gaba da shi, ya riƙe kwafe.

Shugabanni kuwa su sani, rahoton da ko wane wata ke cewa kome lafiya, shi ne abin tsoro. Wanda ya kawo labarin tsaga a bango tun da rani ba maƙiyin mai gida ba ne. Allah ya ba mu kunnen ji tun daga Laraba.