Tina a Rumfa da a Gida: Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

Ya ku 'yan kasuwa da iyayen gida, tina abu ce da da yawanku kuka sani. Da ita ake tsinka fenti, a wanke burushi, a goge maiƙo daga jikin ƙarfe. Masu fentin mota da na gidaje, da kafintoci, da masu buga takardu, duk ba sa rabuwa da ita. A Najeriya da Gana za ku ga an rubuta Thinner a jikin gwangwaninta, a Nijar da Chadi da Kamaru kuwa Diluant. Takan taso daga manyan diloli cikin duro, ta ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni. Kafin ta isa hannun mai saye na ƙarshe, an juye ta daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa robar ruwan sha wadda ba ta da rubutu ko kaɗan. Gargaɗin da kamfani ya buga ya tsaya a jikin duro. Shi ne wannan takarda ta kawo muku.

Tururin shi ne makamashin

Tina gauraye ce ta sinadarai masu saurin tashi sama, irin su toluwin da zailin da asiton, wani lokaci har da metanol. Da zarar an buɗe murfinta sai ta fara fitar da tururi marar launi, kuma wannan tururin ne ke kamawa da wuta.

Ku kwatanta ta da kananzir. Sai zafinsa ya kai kusan digiri 38 a ma'aunin Selshiyos kafin ya fitar da tururin da ashana za ta iya kunnawa. Toluwin kuwa tun daga digiri 4 yake yin haka, asiton ma tun yana cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Ke nan babu wata rana a shekara, ko da a tsakiyar hunturu, da tina ba ta shirye ta kama ba. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato da Damagaram da Njamena ke wuce digiri 40, tururin yakan ƙaru ƙwarai, musamman a rumfar kwano da aka kulle da rana.

Abu na biyu, tururin ya fi iska nauyi. Na toluwin ya kai nauyin iska sau 3. Saboda haka yakan kwanta a ƙasa, ya malala kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a kwata ko a ƙarƙashin kanta. Idan ya tarar da garwashin mai shayi ko rishon mai abinci a rumfa ta gaba, wutar za ta biyo sawunsa har bakin jarkar da ya fito. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na iskar ɗaki kawai yake bukatar ya kai, sai tartsatsi guda ya tayar da gobara.

A rumfa da kan hanya

Ku ajiye tina a mazubinta na asali, ko a gwangwanin ƙarfe mai murfi da ke rufuwa gam, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Wasu robobin takan ci su har su yi laushi su fara yoyo. Kada ku tara fiye da abin da za ku sayar cikin 'yan kwanaki. Ku nisanta ta da janareta, da injin walda, da murhun gawayi, da maganin sauro na kunnawa, da wayar lantarki da ta zazzage. Kada kowa ya sha taba a wurin.

Idan za ku juye, ku fita fili. Ku zuba a hankali, da mazurarin ƙarfe wanda ke taɓa bakin gwangwanin. Dalili kuwa, a lokacin hunturu iska ta bushe, roba da tufafi sukan tara 'yar wutar lantarki, irin wadda ke yin ƙaras-ƙaras idan an tuɓe rigar sanyi cikin duhu. Wannan ɗan tartsatsin ya isa. In ta zube, ku rufe ta da yashi, ku kwashe zuwa waje, kada ku kora ta cikin kwata. Tsummokaran da suka jiƙe da ita ku sa su a gwangwanin ƙarfe ku rufe.

Duron da tina ta ƙare a ciki cike yake da tururi, kuma yakan fashe kamar bam idan mai walda ya sa masa wuta don ya yanke shi. Kada ku sayar wa mai neman mazubin ruwan sha ko na man girki.

A mota kuma, kada a ɗora ta ƙarƙashin kujerar fasinja, ko kan buhunan gari da shinkafa. Ku ɗaure mazubin a tsaye, ku bar ɗan sarari a samansa, domin takan kumbura idan ta sha rana a layin kan iyaka. Ku sanar da direba abin da ya ɗauka.

Ku koyi alamomin da ke jikin gwangwani, domin iri ɗaya ne a ƙasashe da dama, ko da wane harshe aka yi rubutun. Hoton harshen wuta cikin jan zane mai kusurwa huɗu yana nufin abu mai saurin kamawa. Hoton ƙirjin mutum mai alama kamar tauraro yana nufin yana lahanta kayan ciki. Duk mazubin da kuka sayar, ku rubuta masa TINA, GUBA da boko da ajami, ku zana harshen wuta domin wanda bai iya karatu ba.

A cikin gida

Tina garai-garai take kamar ruwa. Yaron da ya dawo daga wasa da ƙishirwa ba zai tsaya sansana robar da ya saba shan ruwa da irinta ba. Don haka, uwar gida, kada ki yarda a ajiye ta kusa da randa, ko a madafa, ko ƙarƙashin gado. Wurinta shi ne sama, a kulle, nesa da ɗakin kwana da kaskon turare. Kada a hura wuta da ita, kada a zuba ta a fitila ko risho a madadin kananzir.

Shaƙar tururinta na sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Idan aka daɗe ana shaƙa, toluwin na lahanta ƙwaƙwalwa da ji da ƙoda, yana kuma cutar da ɗan da ke ciki. Mai juna biyu ta nisanci ɗakin da aka yi wa sabon fenti har sai warin ya gushe. Takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan tururi, buɗe tagogi da ƙofofi ya fi shi amfani. Mai fenti ya daina wanke hannu da tina, don tana busar da fata har ta tsattsage. Ya shafa man gyaɗa, sannan ya bi da sabulu.

Haka kuma ku lura da matasan da ke sayen ta, ko sholisho, ba don sana'a ba. Shaƙar su don maye na iya tsayar da zuciya nan take, ko da a karon farko ne. Ribar kwalba ɗaya ba ta kai ran ɗan wani ba.

Idan tsautsayi ya faru

Idan wani ya sha, kada ku sa shi amai, kada ku ɗura masa manja ko madara. Babban haɗarin shi ne tinar ta zarce cikin huhu, kuma amai ne ke buɗe mata hanya. In ya yi aman da kansa, ku kwantar da shi a gefensa. Ku garzaya asibiti tare da robar, ko da kun ga kamar lafiyarsa ƙalau. Lahanin huhu kan bayyana bayan wasu sa'o'i, na metanol kuwa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24. Ƙaramin cokali biyu na metanol na iya makantar da babban mutum, babban cokali biyu na iya kashe shi.

Idan ta shiga ido, ku yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a je asibiti. Idan ta zuba a jiki, a tuɓe tufafin a wanke da sabulu. Wanda tururi ya buga, ku fitar da shi fili ya sha iska.

Idan wuta ta kama, kada ku watsa ruwa, domin tina kan yi iyo a kansa ta tafi da wutar inda ba ta kai ba. Ƙaramar wuta ku danne ta da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. In ta fi ƙarfinku, ku fitar da mutane ku kira 'yan kwana-kwana: 112 a Najeriya, 18 a Nijar, 118 a Kamaru. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ku lulluɓe shi da bargo mai kauri. Bayan wutar ta mutu, a sanyaya ƙunar da ruwa na minti 20. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko baƙin mai.

A kasuwa rumfa na jingine da rumfa, gobarar mutum ɗaya ta kowa ce. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku nemi Sarkin Kasuwa da shugabannin layi su keɓe wa masu tina wuri nesa da masu abinci da masu walda, a kuma ajiye bokitin yashi a bakin kowace rumfa. Yau kafin ku sa kwaɗo, ku duba murfi, ku duba rubutu, ku duba ko akwai wuta a kusa. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu.