Gado da Harhaɗawa a Shirin Kwamfuta

A shekarar 1967 wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka fito da harshen kwamfuta mai suna Simula 67. Daga nan aka samo dabarar tsara shirin kwamfuta bisa abubuwa. A wannan tsari mai shiri yakan fara zayyana rukuni, wato siffofin wani nau'in abu da ayyukansa, sa'an nan ya fitar da abubuwa ɗaiɗai daga cikinsa. Wani rukuni yana iya gadon wani. Sai dai wannan gado ya sha bamban da na mutane: ba a jiran mutuwa, ba a rabawa, kuma kowane magaji yakan kwashi komai dungurungum.

A ɗauka an ba wani ɗalibi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, aikin rubuta shirin da zai riƙe lissafin injinan ban ruwa na manoman rani, tun daga bakin madatsar ruwa ta Zobe har zuwa fadamun Kurfi. Ganin cewa duk injinan da ke gabansa fetur suke sha, sai ya kafa rukunin Injin Fetur, mai tanki da ma'aunin mai, ya sa rukunin Famfo ya gaje shi. Aiki ya yi sauƙi, domin bai sake rubuta komai ba.

To, ran nan sai ga manomi da famfo mai aiki da hasken rana. A cikin shirin, wannan famfo ya gaji tankin da ba shi da shi, kuma kwamfuta za ta riƙa tambayar litar man da ya sha. In ɗalibin ya taɓa rukunin asali don ya gyara, gyaran zai bi duk magada, har waɗanda ke aiki lafiya. Kuskuren tun a tushe yake: famfo ba nau'in inji ba ne, yana dai ɗauke da inji.

Nan harhaɗawa take shigowa. Sai a bar Famfo da gurbi guda na abin da ke juya shi, a saka Injin Fetur ko Farantin Rana a ciki, kamar yadda makanike ke sauya ɓangare. Gado bai ɓace ba, ya koma inda ya dace, tunda injinan biyu suna iya gadon rukuni ɗaya mai suna Tushen Ƙarfi. Wato gadon ne ke fayyace irin abin da zai shiga gurbin. Littafin Design Patterns na 1994, na Erich Gamma da abokansa uku, ya ba da shawarar a fifita harhaɗawa a kan gado.

Kada ɗalibi ya zaci 'yan koyo kaɗai ke faɗawa wannan rami. A harshen Java akwai rukunin Stack, wanda aikinsa kamar jeren kwanuka ne: a ɗora a sama, a ɗauke daga sama. Amma an sa ya gaji rukunin Vector, wanda ke yarda a cusa abu ko'ina, saboda haka ana iya zare kwano daga tsakiyar jeren. An bar shi a haka don kada tsofaffin shirye-shirye su lalace.