Magani Sai Ya Narke Yake Aiki

Duk ƙwayar maganin da aka haɗiya, komai ƙarfinta, ba ta ratsa hanji ta shiga jini sai ta narke. To, amma magunguna da dama ba sa jituwa da ruwa, kuma wannan ita ce matsalar da masana haɗa magunguna suka ci karo da ita wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

A shekarar 1972 ne wata masaniya ta ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tace sinadarin atimisinin daga wani tsiro dangin tazargade. Sinadarin yana kashe ƙwayoyin zazzaɓi da gaggawa, sai dai da ƙyar yake narkewa, ko a ruwa ko a mai. Ga magani a hannu, amma mara lafiyar da ya suma ba ya iya haɗiya, kuma ba a ɗura gari cikin jijiya.

Dabarar da masanan suka yi ita ce sauya ƙirar sinadarin kaɗan. Da farko suka samar da atimita, wanda yake narkewa a mai irin na gyaɗa, ana yin allurarsa a tsoka. Sa'an nan suka samar da atisunet, wanda ake kaɗa garinsa da ruwan bikabonet dab da yin allura, ya narke sarai, a zuba shi kai tsaye cikin jijiya.

Amfanin wannan ya fito fili a 2010, lokacin da aka bayyana sakamakon gwaji a kan yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani a ƙasashe 9 na Afirka, ciki har da Nijeriya. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin, kashi 10.9 bisa ɗari suka rasu, alhali kuwa na atisunet kashi 8.5 ne. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atisunet a kan kwinin ga yara da manya.

Har ila yau akwai darasi ga iyaye. Ƙwayar Coartem tana ɗauke da lumifantirin, wanda jiki ba ya tsotsa sosai sai da maiƙo. Shi ya sa likitoci kan ce a sha ta da madara ko bayan cin abinci mai mai. Wanda ya sha ta da ruwa zalla, ciki wayam, yana iya yin asarar ƙarfin maganin, zazzaɓi ya sake dawowa.