Yadda Ake Sabunta Allon Amon Piyano

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo mai ƙarfi. Shi ya sa ake ɗaura ta a kan ƙwarya da fata a jikin goge, a kuma sa jaki tsakaninsu. Haka abin yake ga piyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen shekarar 1700. Babban piyano yana da wayoyi kimanin 230, amma abin da ke kai sautinsu kunne shi ne wani faffaɗan allo da ke ƙarƙashinsu, wanda kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba.

Ana yin wannan allo ne da itacen spruce, musamman irin na Sitka da ke tsirowa a gaɓar Alaska da yammacin Kanada. A ƙasa mai sanyi bishiya takan girma a hankali, saboda haka zobban da take ajiyewa kowace shekara sukan matsu da juna. Ƙwayoyin halittar itacen dogaye ne masu rami a ciki, don haka ga shi da ƙarfi, ga shi ba nauyi.

Sai dai ko bayan an sare itace, bangon ƙwayoyinsa yakan ci gaba da shan laima yana amayarwa. Dalilin ke nan ƙofar katako takan kumbura da damina, ta motse da hunturu. Wannan kumburi a faɗi yake aukuwa, ba a tsawo ba, kuma a kansa aikin ya dogara.

Allo mai lafiya yana da ɗan doro wanda ke tokare wayoyi ta hanyar jaki. Idan shekaru suka tura, sai ya tsattsage, doron ya kwanta, sauti ya dushe. Ƙaramar tsaga akan faɗaɗa ta a cusa siririn ƙyallen spruce da gam. Idan kuwa doron ya tafi, sai a kwance wayoyi, a ɗaga firam ɗin ƙarfe, a auna mazaunin jaki daidai, sannan a cire tsohon allo.

Daga nan kafinta yakan haɗa sababbin katakai gefe da gefe, ya busar da su a ɗaki mai zafi har ruwan jikinsu ya sauko kimanin kashi 5 cikin 100. Sai ya manna sanduna a bayan allon, a gicciye da jijiyar itacen. Da allon ya sake shan laima zai nemi faɗaɗa, sandunan su hana ɓangaren da suka riƙe, sai ya lanƙwashe ya yi doro. Wasu masu gyara kuwa sukan sassaƙa sandunan da lanƙwasa tun farko, domin rage matsin da ke murƙushe ƙwayoyin itacen.

Kuskure kaɗan wajen auna laima yana iya ɓata aikin watanni: in allon ya bushe ainun sai ƙwayoyinsa su murƙushe, in bai bushe sosai ba doron ba zai tashi ba.