Ƙanƙara a cikin zafin Garwa

Duk wanda ya yi watan Maris a Garwa ya san zafi kan haura digiri 40, Binuwai ta janye ta bar rairayi. Mu ƙanƙararmu ita ce wadda ake saye a leda a jefa cikin randa. Amma a ɗakunan wasan bidiyo na unguwanninmu, inda ƙwallo ce sarauniya, wani lokaci mukan tarar da yaro yana gumi, ya kafa wa talabijin ido, wai shi yana zamiya a kan dusar ƙanƙara daga bisa dutse.

Wasannin nan ba yau aka fara su ba. A 1985 kamfanin Epyx na Amurka ya fito da Winter Games. Daga baya sai kusan kowace gasar Olimfik ta lokacin hunturu ta riƙa zuwa da nata: na Lillehammer a ƙasar Nowe a 1994, na Nagano a Japan a 1998 wanda Konami ya yi wa PlayStation da Nintendo 64, da na Salt Lake a 2002. A 2009 kuwa har Mario da Sonic aka ɗaura wa takalman zamiya. Dabarar ba yawa: a danna maɓalli da sauri, a saki a daidai lokacin tsalle, in an makara a sha ƙasa. Kuɗin abincin makaranta dai nan yake tafiya, wannan kuma iyaye sun fi mu sani.

Abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Kafin a fara sai yaro ya zaɓi tuta, kuma a wasan Nagano ko ya shekara yana nema ba zai ga ta Kamaru ba. Dole ya zama Bajamushe ko Ba'amurke. Ba laifin masu wasan ba ne, don a lokacin ƙasarmu ba ta taɓa halartar gasar ba.

Sai a 2002 Isaac Menyoli, mai zanen gine-gine mazaunin Amurka, ya ɗaga tutarmu a Salt Lake. Can baya ya ƙare, bai kuma ɓoye ba cewa ba lambar yabo ta kai shi ba: so yake a sa shi a talabijin ya gaya wa 'yan ƙasa cewa ƙanjamau gaskiya ce. Kafin shi Lamine Guèye na Sanagal ya yi a Sarayebo a 1984, bayansa kuma 'yan matan Nijeriya uku sun shiga tseren keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu a 2018.

A Janairun 2022 duk mun yi cincirindo a Rumde Ajiya, mun ga Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe gasar hunturu a Beijin. Mun tambayi yaran wani ɗakin wasa ko sun san Menyoli. Ɗaya ya ce ko ɗan Coton Sport ne?